Yadda za a tsara abincin dare a Yamai, daga tukunyar gida zuwa na saye

A gidaje da yawa a Yamai, ba a tunawa da abincin dare sai la'asar sakaliya, lokacin da yara suka dawo daga lakwal, uwargida ta gaji, maigida kuma yana can cikin cunkoson Gadar Kennedy ko na hanyar Wadata. A lokacin ne ake tura yaro shago ya auno shinkafa, ya sayo mai na dala kaza da tumatirin leda, a yi dahuwar gaggawa. Ko kuma a haƙura, a ce kowa ya nufi wajen mai shayi. Duka biyun suna cin kuɗi fiye da yadda ake zato. Gyaran kuwa ba wani mai wuya ba ne: a mayar da shawarar abincin dare ta koma ta safe, ko ma ta ranar Lahadi, a san daren da za a hura wuta da daren da za a saya tun kafin yunwa ta zo. Da sanyin safiya ake kama fara.

Mataki na farko: ƙirga bakuna, ƙirga kuɗi

Kada ki ƙirga mutanen da ke kwana a gidan kawai. Ki ƙirga kwanukan da ke fita daga madafa: na maigida da abokan hirarsa na ƙofar gida, na yara, na tsohuwar maƙwabciya da aka saba kai wa, na ɗan'uwan da ya zo karatu jami'a yake biyowa da dare, da na almajirin da ke sallama bayan isha'i. Gidan da ake cewa na mutum shida, in aka bi kwanuka sai a tarar tara ake ciyarwa. Wannan adadin shi ne na gaskiya, kuma da shi za a yi awo.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce mutane suka fi gudu. Maigida da uwargida su zauna sau ɗaya a wata, ba da safe yana neman makullin moto ba. A raba kuɗin abinci gida uku: na hatsi da mai da gaz da ake saye a dunƙule, na cefanen kullum, da na saye a waje. Kashi na uku shi ne ba a taɓa ware masa komai, alhali babu gidan da ba ya saye. In ba a ware ba, daga kuɗin cefane zai fita, sai ranar 20 ga wata a ji ana cewa, "Malam, kuɗin miya fa sun ƙare," shi kuma ya ce, "Haba Hajiya, tun yanzu?" Babu wanda ya ci amana a cikinsu. Tsiren daren Juma'a da burodin daren Talata ne ba a rubuta ba.

Mataki na biyu: abin da bai kamata ya yanke a gida ba

Wanda ke da hatsi a ɗaki ya gama rabin abincin dare. Gero, masara ko dawa, da shinkafa, da wake, su ne tushe. Tiyar gero kan kai kilo 2 da rabi, buhu mai kilo 100 kuma wajen tiya 40 ne. Ki auna da kanki mako ɗaya ki ga tiya nawa gidanki ke ci, don kowane gida da cikinsa. Daga nan za ki san ko buhu za ku saya ko rabi, ko kuwa ku haɗa kuɗi da wata ku raba. Mai hali ya sayi gero da wake da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, domin da damina ta kankama farashi sama yake yi. Wake dai yana son kulawa: a shanya shi ya bushe ƙarau, a zuba a jarka mai murfi a toshe sosai, in ba haka ba ƙwari su riga ki ci.

Bayan hatsi sai busassun kayan miya, kuma a ganina nan ne sirrin yake a gari mai zafi irin namu. Kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗa, busasshen tattasai irin na Difa, gabu, daddawa, barkono, citta, kanwa, ƙuli-ƙuli, busasshen zogale da ɗan busasshen kifi. Babu ɗaya a cikinsu da ke buƙatar firigo, babu ruwansu da ɗauke wuta. Matar da ke da waɗannan a gwangwanaye tana iya kaɗa miya mai daɗi ba tare da ta leƙa kasuwa ba. A kasuwar Katako ko ta Wadata ake samun su da sauƙi in za a saya da yawa. Ki wanke kauɗa da tattasai, domin a ƙasa ake shanya yawancinsu, ki sake shanyawa, ki kai inji ko ki daka, ki ajiye kowanne daban.

Albasa kuma a bi lokacinta. Ta Galmi tana cika kasuwa da rani, wajen Maris da Afrilu, kuma tana jure ajiya in aka baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a cikin buhu ba. Daga ƙarshen damina zuwa shigowar sanyi kuwa sai an yi da gaske. Haka kayan lambu: daga Disamba zuwa Fabrairu tumatir, shu, karoti, salati da dankalin turawa suna araha, to a ci su a ƙoshi. Da tumatir ya yi tsada a koma ga kauɗa, ba abin kunya ba ne.

Mataki na uku: raba dararen mako

Ba sai an rubuta jadawali an manna a bango ba, ko da yake wasu suna yi. Abin da ake so shi ne a san nauyin kowane dare. Akwai daren girki sosai, akwai na girki mai sauƙi, akwai na saye.

Daren girki sosai shi ne na tuwo, na dambu, ko na shinkafa da miyar nama. Ki ɗora su a ranakun da kike gida da wuri. Ga ma'aikaciya, Juma'a da ake tashi da rana, da Asabar da Lahadi, su ne suka fi dacewa. Daren girki mai sauƙi shi ne wanda tukunya ɗaya ta isa: shinkafa da wake da mai da yaji, dafa-duka, maka ko taliya, doya ko dankali da ƙwai, kwaɗon zogale da garin rogo. Daren saye kuma ɗaya ko biyu, gwargwadon aljihu, a sa shi ranar da aka san gajiya ta fi yawa, ko ranar wanki, ko ranar da za a je biki ko gaisuwa.

Ga misali: Lahadi tuwo da miyar kuɓewa, Litinin dafa-duka, Talata shinkafa da wake, Laraba saye, Alhamis maka, Juma'a dambu, Asabar tuwo da miyar kuka ko fita waje. Ki lura da abin da aka ci da rana. Gidan da aka ci shinkafa da rana ba ya son ganin ta da dare, kuma tsofaffi, in akwai su a gidan, in ba su ci tuwo ba sai su ce ba su ci abinci ba. A gidan da ake rabon girki tsakanin mata, gara a yi maganar tsarin a fili, kada wannan ta yi shinkafa yau waccan ma ta yi gobe, ko daren saye ya riƙa faɗawa kan girkin mutum ɗaya har ya zama abin magana.

Yanayi ma yana da ta cewa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba kowa ke iya cin tuwo mai zafi da dare ba. Fura da nono mai sanyi da ɗan kwaɗo a gefe abincin dare ne cikakke, kada wani ya raina shi.

Mataki na huɗu: aikin da ake yi tun kafin yamma

Abin da ke cinye lokaci ba dahuwar ba ce, shirin ne. Saboda haka a rage shi tun da wuri.

Ranar da kika yi cefane babba, ki yi jajjage mai yawa: tumatir, tattasai, attarugu da albasa. Ki tafasa shi har ruwan ya tsotse, sannan ki soya da mai har man ya taso sama, tsamin ya mutu. Kada ki sa daddawa ko kifi, ki bar shi haka. Da wannan soyayyen kayan miyan za ki yi dafa-duka, miyar shinkafa, maka, har miyar ganye. Ki raba shi a ƙananan robobi, kowace ta girki ɗaya, domin in babbar roba ce kullum ana buɗewa ana sa cokali, ba za ta kai ba. In firigonki na daskarar da abu kuma wutar unguwarku na zama, ki yi na mako. In wuta ba ta da tabbas, ki yi na kwana biyu kawai, sauran kwanakin ki dogara da kauɗa. Nama ma haka: ki sulala shi da albasa da gishiri ranar da aka saya, ki soya rabi, romon kuma ki yi miyar wannan daren da shi.

Kowace safiya kuma akwai aikin minti biyar. In wake za a dafa, a tsince a jiƙa kafin a fita, zai nuna da wuri kuma gaz zai yi saura. In tuwo ne, a tabbatar akwai gari, in babu a kai niƙa da hantsi, domin da yamma layi ake yi a inji, kuma in aka ɗauke wuta an shiga uku. A ɗaga kwalbar gaz a ji nauyinta. A tara ruwa, musamman a unguwannin da pampo ke yankewa da rani. Kuma a tambayi maigida tun yana gida ko zai zo da baƙi.

Mataki na biyar: girkin kansa

Magariba a Yamai tana faɗawa tsakanin ƙarfe shida da 'yan mintoci zuwa bakwai da 'yan mintoci, gwargwadon lokacin shekara. Burin shi ne a sauke tukunya kafin kiran salla, ko a bar ta tana turara a kashe wuta. Yara su ci bayan magariba, kafin barci ya kwashe su. Wanda ya bari sai bayan isha'i zai tashi yaro ya ci tuwo, ya san rigimar da ke ciki.

Ƙa'idar ita ce a fara da abin da ya fi daɗewa. In tuwo ne, miya ake fara ɗorawa, ruwan tuwo na bi. Lokacin da talge ke dahuwa, miya ta kusa. Kuka kuma ba a zuba ta wuta na ci sosai: a rage wutar, a riƙa barbaɗawa kaɗan-kaɗan ana kaɗawa da maburgi, in ba haka ba ta yi gudaji. Talgen ma a bar shi ya dahu sosai kafin a tuƙa, domin tuwon da talgensa bai nuna ba shi ne ke saki kafin safe.

Dambu ya cancanci a tsaya a kansa, tun da a Yamai kusan babu gidan da ba a son sa, amma mata da yawa na gudun sa wai yana da wuya. Ga yadda yake sauƙi. Ki wanke tsakin masara ko na shinkafa, ki rege, ki tsane shi a kwando tun da rana. Zogalen, ɗanye ne ko busasshe, ki dafa shi daban ki matse ruwan. Ki ɗora ruwa a tukunya, ki aza madambaci a kai, ki naɗe mahaɗar da tsumma mai tsabta don kada tururi ya tsere. Ki zuba tsakin ba tare da dannawa ba, ki rufe. In tururi ya ratso ta sama, ƙamshi ya tashi, ki juye a roba mai faɗi, ki yayyafa ruwa kaɗan, ki murje gudajin da bayan ludayi. Nan za ki zuba zogale, yankakkiyar albasa, tattasai da gishiri, ki cakuɗa, ki mayar madambaci karo na biyu. Ki ɗebi kaɗan ki murza tsakanin yatsu biyu: in babu sauran tauri a tsakiyar ƙwayar, ya yi. Sai a sauke, a zuba man da aka soya da albasa, a barbaɗa garin ƙuli da yaji. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika ruwa a yayyafi, dambun ya caɓe, ko a yi rowar ruwan ya fito kamar yashi. Da hannu ake gane daidai ɗin, ba da mudu ba.

Game da gishiri da magi, a sassauta hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma magi ɗin kansa gishiri ne ya fi yawa a ciki. Daddawa da gabu da busasshen kifi suna ba miya ɗanɗanon da zai sa a rage dunƙule biyu ba wanda ya lura.

Gaz ya sauƙaƙa aiki tun da matatar man fetur ta Damagaram ta fara aiki a 2011, amma kada gida ya rasa gawayi na ko-ta-kwana, domin kwalba ba ta ƙarewa sai tuwo na kan wuta. Sai dai lokacin sanyi kada a shiga da murhun gawayi ɗaki a rufe ƙofa. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Mataki na shida: abin da ya rage

Tuwon dare da gangan ake ƙara masa, don ɗumamen safe. Wannan dabara ce mai kyau, tana rage kuɗin kalaci. Amma a tafasa miyar kafin a kwanta, a rufe, kada a sake sa cokali, da safe kuma a ɗumama har ta tafasa. Shinkafa ba ta da haƙurin tuwo. In ta wuce awa biyu a zafin nan ba ta shiga firigo ba, gara a bayar tun da dare tana da kyau, da a ajiye ta a ba yara da safe.

Mataki na bakwai: daren saye

Saye kashi-kashi ne, kuma mafi arha shi ne rabin saye. A dafa farar shinkafa ko maka a gida, a sayo soyayyen kifi ko balangu a ɗora. Ko a sayo burodi, a soya ƙwai da albasa a gida, a dafa shayi. Ko a sayo fura, a dama da nonon da aka yarda da shi. Da haka gidan mutum takwas zai ci abin marmari da kuɗin da bai isa mutum uku su zauna a gidan abinci ba.

Na biyu shi ne a sayo dafaffe a kawo gida. Kowace unguwa, daga Bukoki zuwa Talaje, daga Yantala zuwa Harobanda, tana da matan da ke fitowa da yamma da tuwo, dambu, shinkafa da wake, ko aceke, wato dambun rogo, da kifi. A tafi da kula ko kwano mai murfi, kada a yarda a zuba abinci mai zafi a baƙar leda. A je da wuri, tsakanin la'asar da magariba, lokacin da tukunya ke tururi. Kuma a faɗi kuɗi tun farko, "Inna, dambu na dala ɗari, a sa ƙuli da yawa," domin in ka ce a zuba kawai, sai an zuba ka ji kunyar cewa a rage.

Kafin ka saba da mai abinci, ka tsaya gefe ka yi kallo na ɗan lokaci. Shin abincin a rufe yake? Hannun da ke karɓar kuɗi shi ke ɗibar kwaɗo? Ruwan wanke kwanuka fa, ana canja shi ko tun la'asar shi ne? Man suyar ya yi baƙi? Wurin da mutane ke layi ya fi wanda babu kowa, domin abincinsa ba ya kwana. Wajen mai nama, ka nuna yankin da kake so, ka ce a mayar da shi wuta ya yi zafi kafin a yanka, ko da mai naman zai ɓata rai. Salati kuwa, in ba ka san yadda aka wanke shi ba, ka bar shi, musamman da damina lokacin da ciwon ciki ke yawa. Wanda ke sha'awar salati ya sayo ganyen ya wanke a gida.

Wajen mai shayi wurin gwauraye ne da ɗalibai da direbobi, kuma yana da daɗin hira. Amma gwauron da ke cin burodi da ƙwai da madara kowane dare, in ya tara kuɗin wata zai ga sun isa sayen ƙaramar kwalbar gaz da tukunya. Shinkafa da wake ba ta gagari kowa ba. Samarin da ke zama fada ɗaya ma suna iya haɗa kuɗi su yi tukunya guda, kamar yadda wasu ke yi.

Na uku shi ne fita da iyali a zauna a ci. Yamai ba ta rasa wurare: masu gasa kaza da zabo, gidajen abincin 'yan Senegal masu shinkafa da kifi, na 'yan Togo da Benin masu sakwara, masu shawarma a Filato da kewaye, da wuraren bakin kogi inda ake cin karfasa da giwan ruwa. Wannan ba na kowane mako ba ne ga yawancinmu, don haka a shirya shi. A tambayi farashi kafin a ce a kawo, musamman kifi da kaza da ake sayarwa gwargwadon girma. A buga waya tun kafin a taso in wurin na da lamba, domin gashin kaza na iya kai awa guda, yara kuma ba su san jira ba, gara ma a ba su wani abu su taɓa tun a gida. A lura da abin sha, shi ke kumbura lissafi: kwalba ɗaya-ɗaya ga mutum bakwai ta kusa kuɗin kwano guda. A bincika ko akwai wurin salla da wurin zaman iyali, domin wasu wuraren da giya suke haɗawa. Bakin kogi kuma da sauro, a sa wa yara tufa mai dogon hannu. In kai ka gayyaci mutum, kai ke biya. In karo-karo za a yi, a faɗa tun a waya, kada sai an kawo takarda a fara kallon juna.

Masu aiko da abinci a moto ta WhatsApp sun yi yawa yanzu. A tambayi kuɗin kawowa daban, a kwatanta gida da wani sanannen wuri kamar masallaci ko famasi, kuma a yi oda tun kafin magariba.

Makon ƙarshen wata

Shi ma a tsara shi tun albashi na hannu. A ware tiya biyu ta wake, da kuka, da ƙuli, da garin rogo, da litar mai ɗaya, a ajiye su daban kada a taɓa sai 23 ga wata ta wuce. A wannan makon babu fita, babu nama sai in an samu, daren saye ya koma daren kwaɗo. Tuwo da miyar kuka da ta ji daddawa, shinkafa da wake, dambu, gari da ƙuli da albasa, su ne za su juya har a kai gaci. In baƙo ya sauka a irin wannan lokaci, a ƙara ruwa da kuka a miya, a tuƙa tuwo ya fi na kullum, a aika yaro ya sayo tsire na jika guda a yanka a saman kwanon baƙon.